Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta 'Yan Ƙwallon Kwando, Agege

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, masu horarwa da sauran 'yan'uwa.

Babban abin da muka tsaya a kai bana shi ne atisayen bayan sallar Asuba. Kowa ya san Legas: in ka bari gari ya waye, cunkoso ya cinye maka rabin yini. Shi ya sa muke haɗuwa tun da duhu-duhu, a yi gudu, a yi ta jifa, kafin ƙarfe bakwai kowa ya kama gabansa, na abbatuwa su tafi, 'yan makaranta su tafi. Littafin halarta ya nuna mana abin da muka daɗe muna zargi. Waɗanda hannunsu ya faɗa bana su ne masu zuwa kullum, gwanayen yamma kuwa, masu son yanka a gaban 'yan kallo, suna nan inda muka bar su bara.

Akwai ƙaninmu da ke sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12. Asuba lokacin aikinsa ce, don haka shi kaɗai yake zuwa da la'asar, kafaɗa duk jan tumatir, takalmi ɗaure da roba. Ba ya barin fili sai ya gaji da jifa da hannun hagu, wanda da ko kwandon ba ya kaiwa, tsayin mita 3.05 ɗin nan. Yanzu ba ka gane wane hannu ne nasa. Abokai na tsokanarsa wai daga kwando sai kwando.

Da azumi ne aka yi gardama. Wasu suka ce a dakata sai bayan Sallah. Koci ya tuna mana da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya tsare raga a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa kwando, ya kuma ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Yana azumi aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995. Mu dai ba Olajuwon ba ne, sai muka mayar da atisaye bayan Tarawi, muka rage gudu.

Damina ta ci mana kwanaki a Yuni da Yuli, ruwa ya kwanta a fili, simintin gefe ya tsage. Mun je wasannin sada zumunci a filin wasa na Rowe Park da ke Yaba, mun ci, an kuma ci mu, galibi a zangon ƙarshe da numfashi ya ƙare mana.

Tun da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Najeriya, suka kai zagayen kusa da kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yan mata ke tambayar yaushe za a ba su fili. Mun fara tuntuɓar iyaye, muna kuma neman mace mai horarwa.

Batun kuɗin wata kuwa, sai haƙuri, amma dole a faɗa: da yawa ba sa biya, ƙwallaye sun suɗe, ragar kwando ta yage. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a taro mai zuwa. Masu bashi a zo da shi, don da shi za a sayi simintin gyaran fili kafin ruwa ya dawo.

Sakataren Ƙungiya