Ku faɗa mana nawa ke cin abinci da sana'ar, ba nawa aka horas ba

Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Laraba kan koya wa matasa sana'a ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma mai gabatarwa nake gani da laifi, ba baƙonku ba. Baƙo ya yi abin da ya kawo shi: ya jero dubban matasan da aka horas, da kekunan ɗinki da injinan markaɗe da aka raba. Shi kuwa mai gabatarwa sai "madalla" da "Allah ya saka" yake ta yi har lokaci ya ƙare. Tambaya guda ce tak ta wajaba a kansa: cikin waɗanda kuka yaye bara, nawa ne ke cin abinci da sana'ar yau? Bai yi ta ba.

Ni tela ne a Gombe, na kuma yaye yara da dama. A shago, yaro yakan daɗe yana sa maɓalli, yana guga, yana kallon hannun maigidansa, kafin a yarda ya sa almakashi a yadin mutane. Yanzu sai a tara matasa a zaure na 'yan makonni, ana layi a kan keke guda, a ɗauki hoto, a miƙa takardar shaida. Suna zuwa wurina da takardar suna neman aiki. In ce ka auna wannan bawan Allah, sai ido ya raina fata. Wuyan kaftani ma ba ya fita.

Kekunan da ake rabawa kuwa, mu teloli mun san inda suke ƙarewa, don mu ake kawo wa tallarsu da araha, wani ko ledarsa ba a cire ba. Ba na ganin laifin yaran. Wanda ba shi da kuɗin hayar shago, ba zare, ba wanda ya san shi balle ya kawo masa ɗinki, ga tukunya ba ta hau wuta a gida ba, me zai yi da keke? 'Yar ƙanwata ma wata ƙungiya ta koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, ita da kusan duk matan layinsu. Kowa na da sabulun sayarwa, wa zai sayi na wa? Ɗan jarinta ya narke, har yau ba wanda ya dawo ya tambaye ta yaya aka kwana.

Kada a ce ƙorafin tela ne kawai. Ɗana da ke karatu a jami'a ya karanta mini aikin David McKenzie na Bankin Duniya. A 2017 ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe masu tasowa, irin wanda ake raba masu neman horo gida biyu da ƙuri'a, a koya wa wasu a bar wasu, daga baya a dawo a gwada su. Cikin kowane mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka samu aiki saboda horon ba su kai 3 ba, alhali ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan mutum ɗaya. McKenzie ɗin ne kuma ya bi sawun YouWiN, gasar tsara kasuwanci da aka fara a nan Najeriya a 2011, inda waɗanda suka ci suka samu jarin kimanin dala 50,000 kowanne. Bayan shekara uku, sun fi takwarorinsu da ƙuri'a ba ta faɗa wa ba riƙe kasuwanci da ɗaukar ma'aikata, nesa ba kusa ba. A arewacin Uganda kuma an ba matasa kuɗin koyon sana'a da sayen kayan aiki a 2008. Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na sauran da ba a ba kuɗin ba da kashi 38 cikin 100, amma da aka koma a shekara ta tara sauran sun kamo su. Shekara tara masu binciken nan suna bin yara gida gida! Mu kuwa ranar rufe taro ake rufe lissafi, alhali tun 1986 da aka kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa (NDE) ake wannan harka ta koyar da sana'a a ƙasar nan.

Aikinku ne, Edita. Ku karɓi sunayen waɗanda baƙon naku ya ce an yaye bara, ku tura wakilinku Pantami da Bolari da Kumo da Bajoga ya yi sallama a ƙofar gidajensu, ya ga keken da idonsa. In ya tarar suna aiki, ku faɗa mana mu yi murna, wallahi ni ne zan fara. In kuwa bai tarar ba, ku sake gayyato baƙon ku tambaye shi me ya hana a kai yaran shagunan masu sana'a na gaske, a biya maigida ya riƙe su har hannunsu ya faɗa, sannan a ba su jari.

Sai kuma layin wayar nan naku. Na yi ta kira a daren har kati ya kusa ƙarewa, bai shiga ba, amma muryoyin da muka saba ji kullum su ne suka samu shiga, suna gaishe gaishe da 'yan majalisarsu har aka cinye lokacin tambaya. Don Allah ku gyara.

Naku mai sauraro,
Tela daga Tudun Wada, Gombe