Amsa ga mai tambayar ko Turawan zamanin tsakiya ba su yi waƙa ba sai a coci

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Ranar da aka buɗe layin waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo ka ce duk inda ka duba tarihin kiɗan Turai na zamanin tsakiya coci kake gani. Ka tambaya ko mutanen nan ba su da makaɗan fada, ba su da waƙar bege, ba sa kiɗa a gidan biki. Lokaci ya ƙure mana, na ce zan rubuto, kuma alkawari kaya ne.

Suna da su, jingim ma kuwa. Abin da ya ɓoye maka su alƙalami ne. A ƙarni na 9 zuwa na 11 ruhubanawa ne ke riƙe da shi a gidajen ibadarsu, kuma a fatar maraƙi ko tunkiya ake rubutu, babban littafi guda sai ya cinye fatun garke. Wa zai yi wannan asara don waƙar mai goge a bakin kasuwa?

Su ruhubanawan waƙa aikinsu ce ta yau da kullum. Sau takwas suke taruwa a dare da rana, su sauke Zabura 150 a mako da Latin, duka a kari ɗaya, ba ganga ba sarewa. Ana jingina wannan rerawa ga Paparoma Giregori na ɗaya, wanda ya yi zamani daga 590 zuwa 604, har a zane za ka ga kurciya tana raɗa masa a kunne. Labari ne mai daɗi, amma a daular Sharlaman, babban sarkin yammacin Turai, ta kankama, wajen shekarar 800, lokacin da sarakunan suka nace kowace coci ta rera irin na birnin Rum. Daga nan matsala ta taso: yaya za a kai kari ɗaya garuruwa masu nisan tafiyar watanni ba tare da ya sauya a hanya ba? Sai aka fara ɗora 'yan alamu a saman kalmomi, kamar wasulla, masu nuna murya ta hau ko ta sauka. Tunatarwa kawai suke yi wa wanda ya riga ya haddace.

Wajen 1025 wani malami a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya jera alamun a kan layuka, kowane layi da sautinsa, ya kuma sa wa sautuka sunayen ut, re, mi, fa, sol, la daga farkon baitocin wata waƙar yabon Annabi Yahaya. Shi da kansa ya yi alfaharin cewa abin da kan ci shekara goma, yaransa na koyonsa a shekara ɗaya ko biyu. A ganina nan ne babbar mahaɗar tarihin. Da kari ya zauna a takarda, sai mutum ya samu damar tsara muryoyi daban-daban su tafi tare, yana dubawa yana gyarawa kamar magini. A cocin Notre Dame ta Paris, wadda aka fara ginawa a 1163, wani mai tsara waƙa, Perotin, ya kai muryoyin huɗu kafin 1200.

To, ga waɗanda ka tambaya. A kudancin Faransa akwai mawaƙan da ake kira turubado, da harshen yankinsu suke waƙa ba Latin ba. Na farkon da aka sani basarake ne sukutum, Wiliyam na tara mai mulkin Akitaniya, wanda ya rasu a 1126, kuma wasu baitocinsa ba sa karantuwa a gaban surukai. Suna da waƙar begen matar da ta fi ƙarfinsu, suna da marsiyar ubangida, suna da zambo mai zafi ga sarki marowaci ko limami maciyin amana. Da ka ji wannan ka san fada suke ci. A ƙasa da su akwai masu yawon kiɗa gari-gari, ana kiransu biki ana kuma raina su, halin da marokinmu ya sani sarai. Waƙoƙin turubado wajen 2,500 suka iso mana, amma masu ɗauke da karinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Mata ma sun yi, sai dai waƙa ɗaya tak ta tsira da karinta, ta wata gimbiyar Dia. Kiɗan rawa kuwa ya fi shan kashi, don makaɗi a ka yake riƙe abinsa.

Kayan kiɗan nasu za su ba ka sha'awa. Sunan molonsu daga al'ud na Larabawa ya fito, na ƙaramin gogensu daga rababa, na 'yan tagwayen gangunansu daga naƙƙara. Andalus ce babbar ƙofa, inda Ziryab, mawaƙi daga Bagadaza, ya sauka Kurɗuba a 822. Abin busarsu mai kaifin murya dangin algaitarmu ne. Sarki Alfonso na goma na Kastila a ƙasar Sifen, wanda ya hau mulki a 1252, ya sa an tara waƙoƙin yabon Maryamu sama da 400, kuma a zanen littafin ga Musulmi da Kirista tsaye kafaɗa da kafaɗa kowa da molonsa.

Kada kuma ka ɗauka akwai katanga tsakanin coci da fada. A ƙarni na 13 a Paris sukan ɗauki guntun rerawar ibada su sa a ƙasa, su ɗora baitocin soyayya da Faransanci a sama, ana rera su lokaci guda. Ƙawa da gaggawa suka yi ta shiga coci har Paparoma Yahaya na 22 ya fitar da doka wajen 1324 yana kukan cewa mawaƙa na daddatsa kari suna bugar da kunne. Ba su daina ba. Bayan shekara arba'in ko kusa, Guillaume de Machaut, malamin coci a garin Reims na Faransa wanda ya shafe rayuwarsa yana yi wa sarakuna waƙar bege, ya zauna ya tsara wa babbar ibadar coci muryoyi huɗu da wannan sabon salon.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka