Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Kan Na'urar Hangen Taurari

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga hotunan na'urorin da kika turo kina tambayar wadda za ki saya. Tun kafin kuɗi ya bar hannunki ki san cewa kwamfutar da ke jikinsu 'yar rakiya ce kawai. Za ta kai ki inda abu yake a sama, amma faɗin madubi ne ke nuna miki shi. Saboda haka ki fara tambayar faɗin madubi. Milimita 130 ya ishi mai farawa, 150 ya fi, 70 kuwa wata da manyan duniyoyi kaɗai zai gamsar da ke a kansu. Duk kwalin da aka rubuta wa "girma sau 500" a kan siririn bututu, ki wuce shi. Iyakar girman da ke da amfani kusan ninki biyu ne na faɗin madubin a milimita, wato sau 260 ga mai 130, kuma iskarmu ba kasafai take barin a wuce sau 150 ba.

Iri biyu ne a gabanki. Akwai mai inji, kamar Celestron NexStar 130SLT ko Sky-Watcher Virtuoso GTi 150P: ki zaɓi abu a rimot ko a waya, bututun ya juya da kansa, ya kuma riƙa bin abin yayin da sama ke tafiya. Akwai kuma wadda ke ce za ki tura da hannu, kamar StarSense Explorer DX 130AZ. Ita wannan wayarki ake ɗorawa a mazauninta, kyamarar ta kalli sama ta wani ƙaramin madubi, manhajar ta gwada taurarin da ta gani da taswirar da ke cikinta, sai ta fito da kibiyoyi. Ki bi su har alamar ta zama kore, abin yana cikin gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙa bututun ta cikinsa. Ni wannan nake so ki ɗauka. Ba ta cin batir ban da cajin waya da ɗan batirin manuninta mai jan ɗigo, ba injin da zai lalace a rasa mai gyara, kuma hannunki da idonki suna koyon sama. Aibinta shi ne ba ta bin abu. Sama na juyawa digiri 15 a awa, don haka a girma sau 65 cikin minti ɗaya da rabi abin ya bar tsakiya ya kai gefe, sai kin ɗan tura. Ki tabbatar wayarki na cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓa kafin ki biya, kuma ki adana takardar lambar buɗe manhajar da ke cikin kwalin.

Aikin farko da rana ake yinsa. Ki sa gilashin ido na milimita 25, ki nufi kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa, ki kawo shi tsakiya. Za ki gan shi a kife; haka irin wannan madubi yake, ba lalacewa ba ce. Sannan ki murɗa kusoshin ƙaramin manuni mai jan ɗigo har ɗigon ya hau kan wannan abu, ki daidaita alamar wayar a kansa ita ma. Wanda ya tsallake wannan zai kwana yana zagin na'ura. Kuma ina gargaɗinki, Ummi: kada bututun ya fuskanci rana ko na ƙiftawar ido, makanta ce da ba ta da magani. Kada ki bar shi a tsakar gida ba murfi inda yara ke wasa.

Lissafin girma ba wuya: tsawon hasken bututu, wato nisan da ke tsakanin madubi da inda yake tara haske, a raba da lambar gilashin ido. Bututu mai milimita 650 da gilashi 25 ya ba da sau 26, da gilashi 10 ya ba da sau 65. Kullum da 25 ake nema, sai an samu a sauya.

In kuma zuciyarki ta tsaya kan mai inji, to a nan ake shan wahala, kuma kusan duka daga bayanan da aka ba shi ne. Kano tana digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. In kika bar "yamma" maimakon "gabas" kin kai shi ƙasar Mali. Lokacinmu awa ɗaya ne gaba da na Girinwic, ba ma ƙara awa da bazara, don haka ki kashe wannan zaɓin. Wajen sa kwanan wata, rimot ɗin lambar wata yake fara tambaya kafin ta rana, irin na Amurka: 3 ga Nuwamba 11/03 ne. Ki daidaita ƙafafun uku da lebur irin na magina a ƙasa mai tauri. Taurarin saiti, wato waɗanda za ki nuna wa injin don ya gane sama, su zama masu haske, nesa da juna, kada su jeru a layi ɗaya, kada kuma ki ɗauki wanda ke daf da ƙasa ko tsakar ka. A rimot ɗin Celestron ki ƙarasa kawo tauraro tsakiya da maɓallin sama da na dama, saboda akwai ɗan sako-sako a haƙoran injin, kuma ta wannan ɓangaren yake ƙarasa tafiyarsa. Batir AA takwas yake ɗauka, yana cinye su da wuri, kuma da sun yi sanyi sai ya fara kuskure ba tare da ya mutu ba. Ki nemi batir mai caji na bolt 12, ki duba cewa tsakiyar filogin ce mai alamar tarawa. Wanda ya yi tuntuɓe da ƙafa ɗaya ya rushe saitin, sai a sake daga farko.

Ki fitar da na'urar minti 30 kafin kallo don madubin ya saje da iskar waje, in ba haka ba hoton rawa zai yi. Idonki ma yana buƙatar minti 20 cikin duhu. Ki mayar da fuskar waya ja, ki guji fitilar maƙwabta. Idan manhajar ta kasa gane inda take, ki duba ƙaramin madubin: ƙura, raɓa, ko hasken wata ne ya faɗa masa. Idan taurari suka fito da jela ko ina kika murɗa, madubai biyun da ke cikin bututun sun goce, a saita su da kusoshi ukun da ke gindin bututun.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Tana dushe sama, tana kwanciya a madubi. Kada ki goge shi da mayafi ko tishu, yashi ne, zai kankare rufin. 'Yar ƙura ba ta rage gani. In ya yi datti sosai, a cire shi a ɗauraye da tataccen ruwa na kemis, ban da ruwan batir na bakanike, don wani akwai asid. Da damina ki bar shi ya bushe kafin ki rufe, saboda fumfuna. Sama ta fi kyau daren da ruwa ya wanke ta, da kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Kada ki sa ran launukan hotunan intanet, kyamara ce ke tara su. Ki fara da wata yana rabi, a bakin inda haske ya haɗu da duhu, nan ramuka ke fita. A duniyoyi, Mushtari zai nuna miki ɗamarunsa biyu da watanni huɗun da ke zagaya shi, waɗanda masani Galileo ya gani a 1610, Zuhal kuma zobensa a sau 65. Kaza da 'ya'yanta sun fi kyau a sau 26. A watan Mayu wajen ƙarfe goma na dare ki nemi Omega Centauri a kudu, kusan digiri 30 sama da ƙasa, dunƙulen taurari ne da mutanen Ingila ba sa iya gani daga ƙasarsu.

Na san za a ce ki duba jinjirin watan azumi. Wayar ba ta aiki sai taurari sun fito, jinjiri kuwa kafin nan yakan faɗi, don haka da jan ɗigo da gilashi 25 za ki neme shi, bayan rana ta faɗi gaba ɗaya.

Ki turo mini sunan samfurin wayarki kafin Juma'a mu duba jerin tare. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.