A Riƙa Nuna Wa Masu Karatu Hanyar Warware Sudoku

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana a kan wasan lambobin nan, Sudoku, da kuke bugawa a shafin baya. Wasa ne mai gurabe 81, layuka tara a kwance da tara a tsaye, an raba shi akwatuna tara masu gurabe tara-tara; ana cike shi da 1 zuwa 9 ba tare da lamba ta maimaitu a layi ɗaya ko akwati ɗaya ba. Kukan ba mu wasa, mako ya zagayo ku ba mu amsa, amma hanyar da ake bi daga wasan zuwa amsar babu mai nuna ta. Jikata ta gwada sau biyu ta ajiye biro, ta ce da ni, "Kaka, ni lissafi ba ya shiga kaina." Abin ya dame ni ƙwarai, domin na yi shekaru ina koyar da lissafi, kuma na san babu tarawa ko ɗebewa a wannan wasa. Da za a cire 1 zuwa 9 a sa haruffa tara, ba abin da zai canza.

Abin da ke kayar da mutane shi ne canki-canka. Ni ma haka na fara. Na taɓa sa 4 a wani gurbi don kawai raina ya ba ni, na cike wajen gurabe ashirin a kanta, sai ga 8 guda biyu a layi ɗaya. Na yi ta gogewa har takardar ta yage, ban gano inda ɓarnar ta faro ba. Wasan da aka tsara daidai amsa ɗaya tak gare shi, saboda haka kowane gurbi cikin 81 ɗin nan yana da hujjarsa. A 2012 Gary McGuire, masanin lissafi na jami'ar University College Dublin a ƙasar Ireland, da abokan aikinsa sun tabbatar da kwamfuta cewa sai an ba da lambobi aƙalla 17 kafin amsa ta zama ɗaya. Wasannin jarida sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, hujja ba ta yi ƙaranci ba.

Sabon shiga yakan kalli gurbi ya ce, wace lamba ce za ta shiga nan? Gara ya ɗauki lamba ɗaya ya nema mata mazauni. A ce 7 ce. Dubi akwatuna ukun da ke sama: na hagu yana da 7 a layin farko, na tsakiya yana da ita a layi na biyu. To dole 7 ɗin akwatin dama ta zauna a layi na uku. Gurabe uku ne a wurin. Ɗaya a cike yake, ɗaya kuma akwai 7 a ƙasansa a layin tsaye. Saura ɗaya, ka rubuta hankalinka kwance. Ka fara da lambar da ta fi yawa a shafin, ita ta fi saurin ba da kai.

Idan wannan ya ƙare, a nan fensir ke da amfani. Ni ba na goyon bayan cika kowane gurbi da ƙananan lambobi biyar-biyar, ido yana rikicewa. Ina rubuta lamba ƙarama a kusurwa ne kawai idan wuri biyu ya rage mata a akwati. Daga nan tagwaye suke bayyana, kuma su ne dabarar da na fi ƙauna. Idan gurabe biyu a layi ɗaya babu mai iya shigarsu sai 2 ko 9, ba ka san wacce ke ina ba, amma ka san sun riƙe wuraren nan biyu. Sai ka soke 2 da 9 daga sauran guraben layin. Sau da yawa wani gurbi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ka tarar lamba ɗaya ta rage masa.

Na zaunar da jikata na nuna mata dabarar 7 ɗin nan kaɗai, ta cike gurabe goma sha ɗaya kafin ta ɗaga kai. Roƙona shi ne ku ware layi uku ko huɗu a ƙarƙashin wasan kowane mako, ku bayyana dabara guda da misali daga wasan ranar, ku kuma rubuta ko mai sauƙi ne ko mai wuya, don sabon shiga ya san wanda zai fara da shi.

Naka,
Tsohon malamin lissafi