Gilashina na 41 bai canza launi ba tukuna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Na san shiruna ya yi yawa. Ka yi haƙuri, wata uku ke nan ɗakin gwaji ya haɗiye ni.

Ka tuna yadda muke haddace lissafin zafi da gudun ruwa a bututu, mu juye a takardar jarrabawa mu huta? To nan babu amsa a bayan littafi. Malamar da nake ƙarƙashinta tana bincike a kan perovskite, sinadarin da ake fatan yin farantin sola mai araha da shi. A 2009, da Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa suka gwada shi a Japan, kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana kawai ya mayar lantarki. Yau ya haura kashi 25. Sai dai ba ya shiri da laima, wato danshin iska, ko kaɗan.

Ni da na zo da zumuɗin ƙirƙira, sai da na yi sati uku ina wankin gilashi. Daga baya aka bar ni in ɗiga ruwan sinadarin a kan ɗan gilashi, inji ya juya shi sau 4,000 a minti, in ɗora a faranti mai zafin digiri 100. Kana kallo zai rikiɗe ya yi baƙi. Wallahi ranar farko har tafi na yi.

Bayan 'yan kwanaki duk suka koma rawaya. Na sake, haka. Na sake, haka.

Wani ɗalibin digiri na uku ya ce, "Kawo littafinka." Ya duba shafi-shafi, ya ce na rubuta komai ban da laimar ɗakin. Muka kai samfurin injin X-ray, layi ya yi tsini a kusurwar digiri 12.7, alamar sinadarin ya ruguje, saura haɗin dalma da aidin. Kunya kamar in nutse.

Yanzu a cikin rufaffen akwati mai cike da iskar naitirojin nake aiki, hannuwana cikin safar roba har kafaɗa. Kuma sai a lokacin hanci yake fara ƙaiƙayi!

Gilashina na 41 yau kwanansa tara yana baƙi. Kullum da safe shi nake fara leƙawa, ko jaka ban ajiye ba.

Kai fa, ka samu malamin da zai duba aikinka? Rubuto mini. Ka gaida su Mama.

Naka,
amininka.