A daina mayar da jana'izar 'yan fim wajen ɗaukar bidiyo

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan jaruman Kannywood da suka riga mu gidan gaskiya.

Marigayi Rabilu Musa Ibro ya bar aikin gandiroba ya shiga fim, ya yi shekaru yana ba mu dariya, da ya rasu a Disambar 2014 mahaifarsa Ɗanlasan aka kai shi, aka rufe shi kamar kowa, ba gini ba ado, kuma haka addini ya ce. Ahmad S. Nuhu kuwa hatsarin mota ne ranar 1 ga Janairun 2007, lokacin wayoyi ba su yi ido haka ba.

Amma yanzu fa? Ko Saratu Daso da ta rasu cikin azumin 2024, kafin kace me hotuna sun cika Facebook da TikTok. Sai kaga ana ɗauke da makara wani ya ɗaga waya sama yana neman fuskar jarumai, wai shi a dole sai ya samu mabiya, haba jama'a!

Shugabannin MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar fim, su sa doka a hana ɗaukar hoto a maƙabarta, sannan a dinga leƙa marayun da aka bari.

Naku mai karatu,
daga Kano