Endometiriyosis da sankarar ma'ajiyar ƙwai: a faɗa wa mata cikakken lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani labari da yake yawo tsakanin mata, wai duk wadda take fama da cutar endometiriyosis ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da sankarar ma'ajiyar ƙwai har ninki huɗu. Ƙanwata tana da wannan cuta, kuma daren da labarin ya iso mata ba ta runtsa ba, gari na wayewa ta ce mini gara a cire mata ma'ajiyar ƙwanta duka biyu tun abin bai same ta ba, alhali shekarunta ba su kai 30 ba. Labarin ba ƙarya ba ne, sai dai rabinsa aka kawo, kuma rabin da aka bari shi ne wanda mace ta fi bukata kafin ta yanke hukunci a kan jikinta.

Endometiriyosis cuta ce da wata tsoka mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa take tsira a inda ba muhallinta ba, kamar kan ma'ajiyar ƙwai, ko bututun da ƙwai yake bi, ko bangon mara, wani lokaci har kan hanji da mafitsara. Tsokar tana kumbura tana zubar da jini duk wata tare da al'ada, amma jinin ba shi da hanyar fita, sai ya haifar da kumburi da tabo da ciwon mara mai tsanani, a wasu matan har da wahalar samun ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 190 ne suke da ita, wato kusan 1 cikin 10 na waɗanda suke shekarun haihuwa. Idan tsokar ta zauna cikin ma'ajiyar ƙwai, takan yi ƙullutu cike da tsohon jini mai kauri da duhu, kuma kan wannan ƙullutu maganar sankara ta fi karkata.

Alaƙar ba yau aka gano ta ba. Tun a 1925 wani likitan mata a Amurka, John Sampson, ya bayyana yadda sankara take iya tasowa daga irin wannan tsoka a ma'ajiyar ƙwai. A 2012 mujallar Lancet Oncology ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 13, ya kwatanta mata kusan 8,000 masu sankarar da mata sama da 13,000 da ba su da ita, ya kuma nuna cewa ba kowace irin sankara endometiriyosis take jawowa ba. Haɗarin ya ninka uku a nau'in da ƙwayoyinsa suke fitowa garau a madubin likita, ya ninka biyu a nau'in da yake kama da shimfiɗar mahaifa da kuma wani nau'in mai tafiyar hawainiya. Amma nau'in da ya fi yawa kuma ya fi kisa, wanda yanzu aka fahimci galibi daga bakin bututun ƙwai yake farawa, wannan nazari bai ga alaƙarsa da cutar ba. Masana suna danganta lamarin da sinadarin ƙarfe da ke cikin tsohon jinin da ya daɗe a kulle, wanda yake yi wa ƙwayoyin da ke bangon ƙullutun lahani, ga kumburin da ba ya ƙarewa, ga estrojin, wato sinadarin jikin mace, da yake ciyar da tsokar. A 2010 masu bincike a Kanada sun sami lalacewar wata ƙwayar gado mai suna ARID1A a kusan rabin sankarar nan mai ƙwayoyi garau, har suka ga irin wannan lalacewa a tsokar endometiriyosis da ke manne da sankarar a jikin wasu matan.

Shi kuwa ninki huɗun da ya hana ƙanwata barci, ya fito ne daga binciken da mujallar JAMA ta buga a watan Yulin 2024, wanda aka yi a jihar Yuta ta Amurka a kan mata kusan 79,000 masu cutar. Gaskiya ne an sami ninki huɗu, kuma ga masu ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai ko waɗanda tsokar ta yi zurfi a jikinsu, abin ya kusa ninki goma. To amma tambayar da ya kamata kowa ya yi ita ce, ninkin me? Sankarar ma'ajiyar ƙwai ba ta da yawa tun asali, domin cikin mata 100 kusan 1 ce takan gamu da ita a tsawon rayuwarta. Binciken na Yuta da kansa ya bayyana cewa ƙarin da aka gani bai wuce kimanin mata 10 cikin kowace 10,000 ba a shekarun da aka bibiye su. Wani binciken da aka yi a Japan, aka wallafa a 2007, ya bibiyi mata 6,398 masu ƙullutun jini a ma'ajiyar ƙwai, wato waɗanda suka fi kowa haɗari, sai 46 daga cikinsu suka kamu, ƙasa da 1 cikin 100 ke nan. Ban raina waɗannan mata 46 ba, kowacce rai ce kuma tana da masu kuka dominta, amma wanda ya ambace su ya yi shiru a kan sauran dubu shida da ɗoriya da ba su kamu ba, bai yi wa mai sauraro adalci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne irin matakin da tsoro yake sa mace ta ɗauka. Cire ma'ajiyar ƙwai biyu daga jikin matashiya yana yanke mata al'ada nan take, yana rufe mata ƙofar haihuwa da ƙwanta, yana kuma ƙara mata haɗarin raunin ƙashi da ciwon zuciya a gaba. Wannan asara tabbatacciya ce, ita kuwa sankarar da ake gudu, mafi yawan masu cutar ba za su taɓa ganinta ba, shi ya sa likitoci ba sa ba da shawarar yin haka don endometiriyosis kaɗai. Haka nan gwajin jini na CA-125 da wasu suke rugawa su yi don neman alamar sankara, ita kanta endometiriyosis tana ɗaga sakamakonsa ba tare da wata sankara ba, sai mace ta ƙara shiga firgici a banza. Ko a Birtaniya, inda aka yi gagarumin gwaji a kan mata sama da 200,000 da suka daina al'ada, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa tantancewa duk shekara da gwajin jinin ko kuma da hoton sikanin bai rage yawan mace-mace ba.

Abin da yake da amfani shi ne mace ta san wane iri take da shi. Wadda aka ce tana da ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai ta tambayi likitanta girmansa, ta nemi a gaya mata lokacin da za a sake dubawa, kada ta daina zuwa don ciwon ya lafa. Ƙullutun da yake girma da sauri, ko ya canza kama a hoto, ko ya ƙi janyewa bayan al'ada ta ɗauke, shi ne yake bukatar a tashi tsaye a kansa, musamman idan mace ta manyanta. Kumburin ciki da ya ƙi saɓewa, da saurin ƙoshi, da yawan fitsari, da ciwon da ya bambanta da wanda ta saba, idan suka ɗauki makonni, bai kamata a jingina su ga tsohuwar cutar a yi shiru ba. Akwai kuma wani abin kwantar da hankali, domin ƙwayoyin tazarar haihuwa da likitoci kan ba masu endometiriyosis don rage ciwo, an daɗe da tabbatar da cewa suna rage haɗarin wannan sankara, kuma kariyar tana ɗorewa shekaru bayan an daina sha, ko da yake likita ne zai faɗi wadda suka dace da ita.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an gano cutar tukuna, kuma a nan gizo yake saƙar. Mata da yawa suna yin shekaru suna murƙususu duk wata, ana ce musu haka al'ada take, ko kuma idan suka haihu zai wuce, kafin a sami wanda zai duba su da kyau. Haka aka yi ta gaya wa ƙanwata tun tana makaranta. Ciwon marar da yake hana yarinya zuwa aji ko ya hana mace aikinta ba na haƙuri ba ne, na asibiti ne.

Don haka, ya Edita, roƙona shi ne duk lokacin da za ku kawo labarin da ya ce haɗari ya ninka, ku ajiye ainihin adadin a gefensa, ku kuma gayyato likitan mata ya yi wa masu karatu bayanin bambancin nau'o'in wannan cuta a shafinku na lafiya. Ƙanwata dai ta fasa maganar tiyata bayan ta zauna da likitarta, an auna ƙullutun nata, an kuma sa mata ranar komawa hoto.

Wassalam.

Daga wata mai karanta jaridarku.